Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar Malamai Mata

A duk lokacin da aka zauna taro a kan ilimin 'ya'ya mata a ƙauyukanmu, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma ne ko a ƙofar fadar hakimi, magana takan dawo wuri guda: ina za a samo malama mace wadda za ta yarda ta zauna a ƙauye, wadda kuma iyaye za su saki jiki su miƙa mata 'ya'yansu? Wannan tambaya ta girme mu duka. Kusan shekara 200 da suka wuce ta taso a nan ƙasar Sakkwato, kuma wadda ta samo mata amsa ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Jama'a da dama sun san sunanta ta hanyar makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da aka sanya wa sunan nata, wasu kuma sun san ta da waƙoƙin wa'azi. A wannan shafi na tarihin magabata mun fi son mu tsaya a kan aikinta na zaɓo mata daga karkara, ta horar da su, ta naɗa su shugabannin karatu, sannan ta mayar da su cikin danginsu su karantar.

Haihuwa da tasowa

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Degel, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan, kuma bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata suna Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello.

Degel a wancan zamani ƙauyen malamai ne da almajirai, ba shi da ganuwa, ba shi da fada. Abin da ya bambanta shi da sauran wuraren karatu shi ne matsayin mata a cikinsa. Tun kafin a haifi Asma'u, Shehu yana barin mata su halarci wa'azinsa, suna zaune a gefe guda, har wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi a kan haka, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya mayar masa da amsa cewa barin mata cikin jahilci shi ne ya fi muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai daga nesa alhali sun bar matansu da 'ya'yansu da barorinsu ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba. A irin wannan gida Asma'u ta buɗe ido. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci tauhidi da fiƙihu da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kuma tashi cikin ɗariƙar Ƙadiriyya kamar sauran jama'ar Shehu.

Akwai abu guda a tasowarta da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya yi mata amfani daga baya. Ta tashi da harsuna huɗu. Fulatanci shi ne harshen cikin gida, Larabci harshen littafi, Hausa harshen kasuwa da manoman da ke kewaye da su, sannan tana jin Azbinanci, harshen Buzayen da ke maƙwabtaka da su. Ta yi rubutu da ukun farko, kuma ta san wanda za ta ɗauka idan tana son wani rukuni na mutane ya ji ta.

Hijira da shekarun yaƙi

Tana da kimanin shekara 11 dangantaka ta ƙarasa lalacewa tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka ɗora littattafan Shehu a bayan raƙuma, mata da yara suka bi. A watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, jama'a suka yi nasara, amma kafin shekarar ta ƙare suka gamu da babban rashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka yi shahada. Daga nan aka yi ta ƙaura, daga Sabon Gari a ƙasar Zamfara zuwa Gwandu, cikin yunwa da rashin lafiya, har zuwa 1808 da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi. Yarinyar da ta ga an rasa malamai masu yawa haka a rana guda ba ta buƙatar a gaya mata cewa ilimin da ke ƙirjin mutum ɗaya yana iya tafiya tare da shi.

A cikin waɗannan shekaru, a 1807, aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato bayan Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Auren ya sanya ta a tsakiyar harkokin mulkin daula. Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817, ita da mijinta sun ba da ƙarfi wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su, ita kuma ta shiga fassara wasu daga cikin waƙoƙinsa. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta rubuta shi a 1820. Malamai na nesa sun san da ita, har suna musayar wasiƙu da ita. Da ta so, da ta tsaya nan, ta zama malamar manyan gida, tana rubutu da Larabci don masu Larabci, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Halin da matan karkara ke ciki

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe ba. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da wasu Buzaye sun ci gaba da tayar da ƙayar baya har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836. Don tsare iyakoki, Sarkin Musulmi Bello ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da mutane a cikinsu, ya kuma ƙarfafa wa Fulani makiyaya gwiwar zama wuri guda. Gaskiyar tarihi ita ce da yawa daga cikin matan da suka cika waɗannan garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da su an kamo su ne a yaƙi, ko kuwa matan da suka rasa mazajensu ne. Mafi yawansu Hausa kawai suke ji. Sun taso ne a ƙarƙashin tsarin da Innar Gobir, wadda yawanci 'yar gidan sarauta ce, take shugabantar mata da 'yan bori, ita ake kai wa kuka idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama.

Nan ne matsalar take. Hukuma tana iya hana bori da doka, amma matar da ɗanta ya kwana yana zazzaɓi wurin wanda ta sani za ta nufa. Malaman birni maza ne, ba za su shiga gidajen mutane ba. Littattafai da Larabci suke, wa'azin gidan Shehu kuma mafi yawansa da Fulatanci. Matan aure masu goyo ba za su bar gida su yi tafiyar kwana biyu ko uku zuwa Sakkwato neman karatu ba. Ga shi kuwa su ne masu renon yaran da za su gaji daular. Ilimin da aka yi jihadi dominsa yana nan jibge a birni, waɗanda suka fi kowa buƙatarsa suna can inda ba ya isa.

Yadda ake naɗa jaji

A cikin shekarun 1830 Nana Asma'u ta fara tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wato mata masu taruwa don neman ilimi. Ba ta aika 'yan matan gidan Waziri ko na gidan Sarkin Musulmi su je ƙauye su karantar ba. A kowane gari takan nemi dattijuwa 'yar garin, wadda aka shaide ta da hankali da riƙon amana, wadda mata ke jin maganarta tun kafin a ba ta wani muƙami. Ita ce za ta zo Sakkwato ko Wurno ta zauna gaban Asma'u ta ɗauki karatu, kuma idan ta ƙware sai a naɗa ta jaji.

Kalmar jaji ba daga littafi aka ɗauko ta ba. Sunan jagoran ayari ne, wanda ya san hanya, ya san mashaya, ya san inda za a yada zango. Duk matar ƙauye ta san abin da ake nufi idan an ce wance ce jaji. Alamar naɗin ita ce ta fi ba mu sha'awa. Asma'u takan ɗora wa jaji malfa, babbar hular nan ta kaba, sannan ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa tana daga cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Malamar da ta fi kowa adawa da bori ita ce ta ɗauki hular shugabar bori ta aza a kan malamar Alƙur'ani. A ganinmu wannan ba ƙaramar basira ba ce. Matan Gobir sun saba ganin malfa a kan macen da ake saurara wa, saboda haka ranar da jaji ta shigo gari da ita ba ta buƙatar takardar gabatarwa daga kowa. An bar wa mutane alamar da suka sani, aka sauya abin da take ɗauke da shi.

Tafiyar kanta an tsara ta yadda ba za ta ci karo da zaman gidajen mutane ba. Waɗanda jaji ke jagoranta zuwa wurin Asma'u su ne 'yan matan da ba su kai aure ba da kuma dattijai mata da suka wuce haihuwa. Matan aure suna gida, karatu ne zai zo ya same su. Da haka babu maigidan da zai ce an raba shi da iyalinsa, babu kuma wanda zai sami abin faɗa a kan tarbiyyar masu tafiya, tunda a ƙarƙashin idon tsohuwar da kowa ya yarda da ita suke. Sukan taso a ƙasa cikin ayari, jaji a gaba, suna rera waƙoƙin da aka koya musu, su sauka a gidan Waziri. A ɗakinta Asma'u take karɓarsu. Ta ji haddar da suka zo da ita, ta gyara inda aka karkace, ta yi bayanin ma'ana, ta saurari matsalolin da suka taso a garuruwansu, sannan ta ƙara musu sabon darasi su koma da shi. Idan sun isa gida, jaji da 'yan rakiyarta su bi gida gida, ko su tara mata a tsakar gida guda bayan an gama aikin rana, su sauke abin da suka ɗauko.

Wani abin lura shi ne naɗin jaji ba sallama ba ce. Takan dawo shekara bayan shekara, a sake jin karatunta, a ƙara mata. Irin wannan bibiya ce a yau muke kashe kuɗi muna kira da sunan bita ko horon sanin makamar aiki. Haka kuma 'yan taru ba su zuwa hannu sake. Sukan kawo hatsi da zuma da man shanu da zane a matsayin sadaka, Asma'u kuma ta raba wa marayu da makafi da gajiyayyu da matan da suka rasa mazajensu. A garuruwansu ma aikin jaji bai tsaya ga karatu ba. Tana sasanta mata idan sun saɓa, tana kula da marasa lafiya, tana koyar da wankan gawar mace yadda shari'a ta tanada, tana sa a share masallaci. Shugabar makaranta ce wadda makarantarta ita ce garin gaba ɗaya.

Abin da jaji ke ɗauke da shi

Malami ba ya aiki sai da abin karantarwa, kuma a nan ne baiwar Asma'u ta rubutu ta shigo. Ta san ɗalibanta ba su da takarda, da yawansu ba za su iya karanta ajami ba, amma kowace mace tana iya riƙe waƙa, tana rera ta a bakin turmi ko wurin kaɗi. Saboda haka sai ta mayar da darussa waƙoƙi masu ma'auni da amsa-amo, gajeru, waɗanda idan aka tsallake baiti kunne zai ji. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun haura 60, kuma masu yawa daga ciki don wannan aiki aka yi su.

Misali, ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin waƙa guda ta baitoci kaɗan, da Fulatanci a 1829, daga baya kuma aka sami ta Hausa, domin mai farawa ta san jerin surorin tun kafin ta iya karanta su. A 1831 ta fassara waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin haƙƙin talaka. A lura da wannan: matar ƙauye, wata ma baiwa ce, ana koya mata da harshenta cewa sarki da alƙali su ma akwai iyakar da shari'a ta gindaya musu. Akwai Goɗaben Gaskiya ta 1842 a kan aikin da ke kai mutum ga tsira da wanda ke kai shi ga halaka. Akwai kuma tarihin jihadi da ta tsara da Fulatanci, wanda ƙanenta Isa, autan Shehu, ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattaro addu'o'i da ayoyin neman waraka daga hadisai, har da abin da ya shafi ciki da haihuwa. Dalilin wannan a fili yake. Idan an ce wa mace ta bar zuwa wurin 'yan bori, dole malamai su kasance da abin da za su ba ta a madadinsa.

Wadda ta fi nuna mana hikimarta ita ce waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta wajen 1837. Asalinta littafi ne da Sarkin Musulmi Bello ya rubuta da Larabci a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sannan ta zo kan matan gidan Shehu da wasu malamai mata na wannan ƙasa, waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu wurin iyayensu. Yarinyar da ta haddace wannan waƙa ta ji sunan matan ƙasarsu a jere da sunan matan Madina da Basra. Daga ranar ba za ta ƙara ɗaukar ilimi a matsayin kayan Larabawa ko kayan maza ba.

Ba za mu ce tsarin ya game kowa ba. Ya fi ƙarfi a garuruwan da ke iya kaiwa Sakkwato da Wurno a ƙasa, kuma abin da mafi yawan mata suka samu hadda ce da fahimtar hukunce-hukunce, waɗanda suka kai ga rubutu ba su kai su yawa ba. Amma a zamanin da babu mota, babu injin ɗab'i, babu albashin malami, ya isa gidajen da wani tsari bai isa ba.

Yadda ta ɗauki waɗannan malamai nata ya bayyana a marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa manyan malamai. A cikin wannan jeri kuma akwai marsiyyar da ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u a ƙarshen shekarun 1850, inda ta yaba mata a kan yadda ba ta gajiya da hanya, rani da damina, tana kawo mata wurin karatu. Hauwa'u ba 'yar sarauta ba ce. Da ba don wannan marsiyya ba, da sunanta ya ɓace kamar na dubban matan zamaninta. 'Yar Shehu, matar Waziri, ta zauna ta yi kukan rashin malamar ƙauye da alƙalamin da ta yi kukan Sarkin Musulmi.

Abin da ya shafe mu a yau

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, horar da malaman boko ya bi wata hanya dabam. An buɗe kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 don maza, sai a 1939 aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato, a ƙarƙashin malamai Turawa. Iyaye da yawa sun yi ɗari-ɗari da ita, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ba su ga fuskar da suka sani a ciki ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, a ranar 30 ga Satumba 1999 kuma a nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE. A 2008, a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da aka gudanar tare da UNICEF, aka fara bai wa 'yan matan karkara tallafin karatun NCE a wasu jihohin Arewa, ciki har da Sakkwato, bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. Duk wanda ya san tarihin 'yan taru zai ga cewa tsohuwar hanya ce aka sake ganowa.

A yawon wayar da kai da aiki kan kai mu ƙauyuka, mun sha tarar da makaranta mai azuzuwa da rufin kwano sabo, amma babu malama mace ko ɗaya, kuma 'yan mata sun watse tun daga aji huɗu. Mun taɓa isa wata makarantar rugar Fulani inda malamin da aka tura ba ya jin Fulatanci, yaran aji ɗaya kuma ba su gama jin Hausa ba, balle Turanci, kowa yana kallon kowa. Mun ga kuma inda aka turo shugaban makaranta daga birni, bai taɓa zuwa gaishe da dagaci ko liman ba, yana mamakin yadda iyaye ba su zuwa taro. Ba mu ɗora laifin a kan malaman kaɗai ba, domin an ba su takardar shaida ne ba tare da an shirya su don wurin da za a kai su ba. Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai, da kwamitocin kula da makarantu, su ne suka san 'yar wane ce ta gama sakandare tana zaune a gida, su ne kuma za su iya shawo kan mahaifinta ko mijinta a bar ta ta tafi kwalejin ilimi. Idan ta gama, su ne za su tsaya a ɗauke ta aiki a garinsu maimakon a jefa ta wata ƙaramar hukuma, sannan a riƙa leƙa ta ana ƙara mata sani. A wajen tura malamai kuma, tambayar wane harshe yaran wurin ke ji ba ta cin ko kwabo.

Ƙarshen rayuwarta da waɗanda suka gaje ta

Nana Asma'u ta ga zamanin sarakunan Musulmi da dama bayan Bello, kuma ana neman shawararta har tsufanta. Jama'a suna kiranta Uwargari. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, daga baya wani ɗan nata, Abdullahi Bayero, shi ma ya riƙe muƙamin. Ba ta ajiye alƙalami ba. A 1860 ta rubuta Sharuɗɗan Ƙiyama, a 1861 kuma Dalilin Samuwar Allah, duka da Hausa, tana da shekara kusan 70.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864. Aikin bai tsaya ba, domin ta bar waɗanda suka iya shi. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta dawo gida bayan rasuwarsa, ita ta ci gaba da karɓar 'yan taru, bayanta kuma Ta Modi ta ɗauka. Isa ya ci gaba da mayar da waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Takardunta sun zauna a gidan Waziri har suka iso hannun Waziri Junaidu, jikan ɗanta Ahmadu, wanda ya rasu a 1997. Shi ne ya buɗe wa Jean Boyd, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ƙofar nazarin su. A binciken da ta yi a shekarun 1970 da 1980 ta tarar da tsofaffi mata a ƙauyuka masu riƙe da muƙamin jaji, da malfarsu, suna kawo ayarin mata ziyara Sakkwato, suna kuma rera waƙoƙin Asma'u da ka, fiye da shekara 100 bayan rasuwar mai su. Ta wallafa tarihinta a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da kundin rubuce-rubucenta a Amurka.

Kabarin Nana Asma'u yana Hubbaren Shehu a cikin birnin Sakkwato, kusa da na mahaifinta. Allah ya jiƙanta da rahama, ya jiƙan Hauwa'u da sauran matan da suka yi jaji a garuruwanmu, amin.